Yawon Bakin Teku Da Ya Kusa Raba Ɗan'uwana Da Aikinsa

Edita, ni a kasuwar hatsi na tashi, daga dakon buhu har Allah ya sa na zama dillalin riɗi da citta. A lokacin da wannan abu ya faru, gani nake babu fuskar da za ta ɓoye mini abin da ke cikinta. Idan mai saye ya ce kaya sun yi tsada, daga yadda yake murza ƙwayar a tafin hannunsa nakan san ko zai dawo. Da wannan yarda da kai na tafi Doha ganin wani mai sayen riɗi, na ƙara 'yan kwanaki don in ga gari in kuma yi zumunci.

Akwai ɗan'uwanmu a can, jikan ƙanwar kakata, yana aikin gadi a wani kamfani. Kawu yake kirana, saboda na girme shi nesa ba kusa ba. Ban sanar da shi zuwana ba, tunda a wajenmu ba a neman izinin ziyartar dangi. Da na gama da mai saye sai na kira shi, na ce ga ni a gari, gobe ya zo ya zaga da ni. Ya ce to Kawu, ba komai. Kullum da la'asar sai ya same ni a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, mu nufi bakin teku da suke kira Kornish. Hanya ce doguwa mai tsabta, ga jiragen ruwa na katako suna lilo, ga dogayen gine-gine a tsallake. Ni da ban taɓa tsayawa gaban teku ba, ban ƙi mu yi ta tafiya har magariba ba. Na ga idonsa ja, na ga yana yawan duba waya, amma sai na riƙa yi masa tsiya cewa shinkafar Larabawa ta kashe masa ƙafa, tsoho yana barinsa a baya. Dariya kawai yake yi.

Wata rana ya zo da abokin aikinsa, wani dattijo ɗan zangon Kumasi. Da ɗan'uwan nawa ya tafi sayo mana shayi, mutumin ya matso kusa, ya kira ni Alhaji, ya ce zai faɗa mini magana ko da zan ji haushinsa. Ya ce tun zuwana yaron nan yake baro bakin ƙofa kafin lokacin tashi, shi yake rufa masa asiri, amma ogansu ya gane, har ya ba shi gargaɗi. In aka sake kama shi, khalas, shi ke nan, sai dai jirgin gida. Ya ƙara da cewa ni na zo kallon ruwa da tikitin komawa a aljihu, shi kuwa wancan uwa da ƙanne ne rataye a wuyansa.

Nan take na ce ya kai ni wajen ogan in ba shi haƙuri, ai da furfurata. Ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce nan ba zauren mai unguwa ba ne, ganina ma shi zai tabbatar da laifin. Taimakon da zan yi ɗaya ne, in ƙyale yaro ya yi aikinsa.

Da ɗan'uwan nawa ya dawo da shayin na tambaye shi dalilin da bai gaya mini ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce da wane baki zai ce wa Kawu a'a, kuma me za a faɗa wa mahaifiyarsa in aka ji ya bar ni ina gararamba ni kaɗai a ƙasar mutane. Na gane lallashi ba zai yi ba, don haka na ba shi umarni: kada in sake ganinsa sai ranar hutunsa. A gabansa na kira mahaifiyar, na gaya mata ɗanta ya karrama ni fiye da yadda nake zato. Sai a lokacin na ga kafaɗunsa sun sauka.

Sauran kwanakin ni kaɗai na yi yawona. Na ɓata a jirgi, na tambaya, na kai kaina kasuwar kayan gwari ta Abu Hamour, na yini ina taya albasar da ba zan saya ba. Ranar hutunsa muka sake taka bakin tekun a natse, ya buɗe mini cikinsa: ɗakin da suke kwana su da yawa, da burinsa na samun lasin tuƙi. Alhamdu lillahi, maganar ta tsaya a gargaɗi, kuma bayan na dawo gida ya kira ni ya ce an sabunta masa aikin.

Abin da na koya shi ne, girman da muke taƙama da shi nauyi ne a kan wanda ba zai iya musa mana ba. Masu zuwa ganin 'yan'uwa a ƙasashen nan, ku sanar kafin ku tashi, ku kama masaukinku, ku tambayi ranar hutun mutum kafin ku tsara masa yawo. Zumunci yana da daɗi a can, na ɗanɗana, kuma in Allah ya so zan koma. Amma idan ƙaraminka ya ce maka ba komai, kada ka karɓa a farashin farko. Sake tambaya.