Sulken Fata na Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu a Sifawa, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Kai" ne sunana. Ƙannena su hau cinyarsa su ja gemunsa, ni kuwa ko kaina bai taɓa dafawa ba. Kunya ce, kowa ya sani, amma ta yi mini ciwo.

Shekarar da aka ɗebe mu soja a yaƙin Turawa, sai Baba, wanda baduku ne, ya ture takalman mutane gefe ya ce zai yi mini sulken fata irin na kakanni. Ya yanka ƙirgin sa ƙanana-ƙanana, ya rina su da karan dafi har tafinsa ya koma ja wur. Bakin kowane yanki ya bi shi da kuloko, baƙin rinin dukawa, sannan ya ɗinke su wani bisa wani kamar ɓawon kifi.

Inna ta ce, "Malam, wagga riga mi za ta yi ma harsashi?"

Baba ya ci gaba da ɗinkinsa. Haushi ya kama ni. Zan tafi inda ba lalle in dawo ba, shi kuma fata yake lallashi.

Safiyar tafiya ya ce, "Kai, sanya ta. Mai bai shiga sai hwata ta ji ɗumin jiki."

Na sanya. Ya lakato man shanu ya fara shafawa, yanki bayan yanki, daga kafaɗa zuwa ƙirji. A ƙirjin hannunsa ya daɗe. Ina jin nauyin tafinsa, ina kallon furfurarsa. Har motar Bodinga ta kusa tashi ta bar ni.

A bariki saje ya yi dariya ya sa na cire ta. Ban sake sanyawa ba.

Da na dawo na tarar Baba ya rasu. Wata rana ina ba Inna labarin man nan, sai ta yi dariya har da hawaye.

"Ɗumin jiki? Wane baduku ka taɓa gani yana haka? Tun jajibiri ya gama shahe ta da mai, ni na riƙa mai kasko. Kai ɗai shika son taɓawa."