Askar Baba da Jinin da Na Ɗiba

Mahaifina wanzami ne a Bungudu, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Tun ina ƙarama nake ganinsa yana kafa wa manoma ƙaho a baya, ya zuƙe iska, ya jira, sa'an nan ya juye jinin a kasko ya duba launinsa ya ce wannan mataccen jini ne. Da na girma na zama ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a wani asibiti a Gusau, sai ya riƙa tsokanata cewa gadonsa na ci, bambancin kawai ni ina sa farar riga.

Ina da ciki wata biyar lokacin da na lura da hannunsa na dama. Yana zaune kan tabarma bayan la'asar, hannun na kan gwiwarsa, babban yatsa da manuni suna ta motsi kamar mai jan carbi, alhali babu carbin. Da ya ga ina kallo sai ya tura hannun cikin aljihu. Inna ta ja ni gefe ta ce an fi wata shida ana haka, har mutanen Nahuce da suka saba kiransa askin suna sun fara neman wani.

Wanda bai san wanzami ba zai ce ai ciwon hannu ne kawai. Amma Baba shi ya aske kan kusan kowane jariri a unguwarmu, kuma tun ranar da ya ji ina da juna biyu yake faɗa wa mutane cewa shi zai aske jikansa.

A nan na yi kuskurena, kuma da bakina na yi shi. Na bugi ƙirji a gaban kowa na ce, "Baba, ba ni jininka. Duk abin da ke jikinka zan gano shi." Na ɗibi kwalba uku na tafi Gusau. Na duba sukari, na duba ƙoda da hanta, na duba maƙoƙo, na ƙirga fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne garkuwar jiki. Komai lafiya lau. Na dawo da takarda ina murna, ban san makami na kawo wa Gwaggo ba.

Gwaggo yayar Baba ce, tana aure a Tsafe, kuma ba a taɓa kayar da ita a magana ba. Ta karɓi takardar, ta juya ta, ko da yake ba ta karatun boko, ta ce, "To kun jiya. Ɗiyatai da kanta ta duba, asibiti ba su ga komi ba. Wanga jifa na. Wani ɗan'uwan sana'a yay yi mai."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina na fi jin haushi. A gidanmu, idan asibiti ta ce ba ta ga komai ba, an gama magana, sai turare da rubutu. Cikin mako guda ɗakin Baba ya cika da ƙullin magani, har an fara ambaton wanda ake zargi.

Na sa ƙafa na tafi da Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa. Likitan bai ɗibi ko ɗigon jini ba. Ya ce Baba ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ya ce ya haɗa yatsu ya buɗe da sauri, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu a hankali. Sa'an nan ya ce cutar makyarkyata ce da suke kira Fakinson, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali. Ba ta warkewa, amma akwai maganin da ke sassauta ta.

Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "To mi ya hana ɗiyag ga ta gani cikin jini?"

Likitan ya yi dariya ya ce ba laifina ba ne. Masu bincike suna zaton garkuwar jiki na da hannu a cutar, suna neman alamunta a jini da ruwan laka, don a riƙa gane ta da wuri a kuma san yadda take tafiya. Amma gwajin bai kai teburina ba tukuna. Baba ya gyaɗa kai, ya ce shi ma akwai ciwon da ƙaho bai taɓa nuna masa ba. Ban taɓa jin ya amsa haka ba sai ranar.

Tunda jini ya ƙi ba mu ma'auni, Baba ya ƙirƙiro nasa. Kowace safiya, awa ɗaya bayan ya sha magani, sai ya shafa wa duma sabulu ya aske shi, yadda ake koya wa 'ya'yan wanzamai. Inna na ƙirga yankan da aska ta bari a jikin duman, ni kuma ina rubutawa in kai wa likita. A nan muka gano abin da Gwaggo ba ta yarda da shi ba har yau: hannun yana rawa ne idan yana zaune kawai. Da ya riƙe aska sai ya natsu.

Na haihu a gida, namiji. Ranar suna da safe Gwaggo ta zo da Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ma wanzami ne, ta ce shi zai yi askin. Ɗana na fari ne, al'ada ta ce in yi kunya, in yi kamar ban san da yaron ba. Na ajiye kunyar. Na tambayi Inna ƙarfe nawa Baba ya sha magani, na duba agogo, na ɗauki ɗana na fita tsakar gida na ɗora shi a cinyar Baba. Mata suka yi ta salati.

Ina tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na ga duma talatin a jere babu yanka ko ɗaya, kuma na fi yarda da wannan bisa takardar da na taɓa kawowa.

Baba ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi. Hannun na ta rawa har ya kai ga zabira, jakar kayan askinsa, yana ɗaga aska hannun ya tsaya cik. Ya yi askin a hankali, ya fi yadda ya saba daɗewa. Da ya gama ya shafa kan da tafinsa, babu ko ƙwarzane.

Ya goge askar, ya mayar da ita zabira, ya ɗaure bakin, ya miƙa wa Baffa da hannu biyu. "Riƙe," ya ce. "Askin ga shi na nika jira." Sa'an nan ya mayar da hannun kan gwiwarsa, a gaban kowa, bai sa shi aljihu ba.