Mutumin da Ya Kori Kansa

Fo Komlavi Sosu bai taɓa neman rigima da kowa ba, rigimar ce ta same shi tun ranar haihuwarsa. Uwarsa ta haife shi a cikin kwale-kwale, a tsakiyar kogin Mono da ya raba Togo da Dahome, tana hanyar kasuwa da kwandon kifi a cinya. Ubansa ya binne cibiyar a gaɓar Togo, ya dasa kwakwa a kai kamar yadda ake yi wa kowane ɗa. Komlavi ya girma, ya gaji sana'ar fito da kwale-kwale, ya auri Ayele mai faɗa, ya gina ɗaki. Shi kaɗai ne mai kwale-kwale a mashigar, kuma bai san akwai abin da ake kira ɗan ƙasa ba sai da aka samu 'yanci.

Wata safiya sai ga wani jami'i daga birni, ya ce wanda ba a haifa a ƙasar nan ba ya tattara ya koma tasa. Kowa ya nuna kwakwarsa ya tsira. Komlavi ma ya miƙa hannu da alfahari. Kaiconsa! Ambaliyar wata shekara ta sauya wa kogin hanya, kwakwar tana can tsallake, a Dahome.

"Ranka ya daɗe, ni ban motsa ba, ruwa ne ya motsa!"

"Sai ka kai ƙarar ruwan," in ji jami'in.

Ayele ta ɗaure zane a ƙugu. "Wannan ragon da nake dafa wa abinci tun kafin a haife ka, shi ne baƙo? Ku tafi da shi, amma ku dawo min da shi kafin abinci ya huce!" Bakinta ne ke faɗa, idonta kuwa ya cika da hawaye.

Aka ba ɗan sanda Tete aikin raka shi tsallake. To wa zai tuƙa? Komlavi ya ɗauki sandar fito, ya kori kansa da hannunsa, yana kallon rufin ɗakinsa yana ƙanƙancewa, zuciyarsa kamar ta fashe. A tsallake kuma 'yan Dahome suka ce ba su san zancen ba, kwakwa dai tasu ce, mutum kuwa na Togo ne.

Tete ya dubi faɗin ruwan. Bai iya iyo ba.

"Fo Komlavi, to ni wa zai mai da ni?"

"Ni ai korarre ne, ƙanena. Kana so in karya doka?"

"Don Allah karya ta, sau ɗaya kawai."

Sau ɗayan nan ne ya zama aikin Tete har ya yi furfura. Kullum da safe ya kori Komlavi zuwa tsallake a kwale-kwale cike da matan kasuwa, da yamma Komlavi ya dawo da shi, Ayele ta zuba musu abinci tana zaginsu su biyun.

Ranar da Komlavi ya rasu, gaɓoɓin biyu suka tashi da rigima, kowa na cewa gawar ɗansu ce. Ayele ta fito ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Da ransa ba wanda ya ce nasa ne sai ni. Ku haƙa min a tsakar ɗakina."