Garar Mai Unguwa

Har na bar aiki ban taɓa mantawa da ranar da muka farke cikin karfasa a bakin rafin wani ƙauye gab da Mawashi ba. Lokacin ina lebura a sashen kifi na ƙaramar hukuma. Ogana Malam Hamisu shi ne jami'in kifi, ni kuwa mai ɗaukar koma da bokiti.

Ku yaran yanzu ba ku tarar da aikin nan ba. In damina ta ɗauke, rafi yakan tsinke ya bar gurabun ruwa, sauro ya yi ta ƙyanƙyasa a ciki. Sai mu zuba ƙananan karfasa su cinye ɗiyan sauron, waɗannan masu wutsil-wutsil. Gwaji ne. An faɗa mana in bai ci ba za a rufe sashen, a tura ni Katsina. Ni da ko kasuwar Kankia na je sai na dawo gida cin tuwo.

Kifi ya yi wata guda a ruwa, ya yi ɓul-ɓul, amma ɗiyan sauro na nan kamar ba a taɓa su ba.

Ranar nan Oga ya ce in jefa koma. Ƙa'idar aikin ita ce a buɗe cikin kifi a ga abin da ya ci. Ya farke na farko, gara. Na biyu, gara fal.

"Ɗan'asabe, yaushe gara ta koyi iyo?"

"Yallaɓai, ni ma yau na fara gani."

Muna tsugune sai ga Mai unguwa, tsoho mai fara'a, rungume da tukunya. Irin wadda ake cusa wa kara da kashin shanu a kife ta a bakin suri don a tara wa 'yan tsaki gara. Ya yi sallama, ya juye ta cikin ruwa. Nan take ruwan ya hau tafasa da kifi.

Oga ya ce, "Baba, kullum haka kake yi?"

"Kowace safiya, ɗana. Baƙin gwamnati a garina, in bar su da yunwa?"

Oga bai yi dariya ba. Ya zauna ƙasa kusa da shi, ya yi mashi bayani a hankali. Kifi na zaɓen abinci. Abin da ya fi girma, ya fi fitowa fili, bai gudu, shi yake fara kai wa baki. Ɗan sauro ƙarami ne, yana ɓuya cikin ciyawar gefe, sai an bi shi. Wa zai bi shi ga gara kwance a sama?

"Baba, ba baƙi ba ne. Ma'aikata ne kamar mu, abincinsu na cikin aikinsu."

Tsoho ya ce, "Ma'aikaci da yunwa. Gwamnati dai ba ta sake hali ba." Ya ɗauki tukunyarsa, bai ƙara kawo gara ba.

Kafin sanyi ya shigo kifin ya rame, ɗiyan sauro suka yi ƙaranci, ba a rufe sashen ba. A gidanmu na ƙarasa aikina.

Shi ya sa nake ce maku, in kun kai aiki ƙauye, ku fara zama da mutane ku faɗa masu dalilinsa. Mutanenmu ba ƙeta ke ɓata masu aiki ba. Mu da muka zuba kifi muka tafi ba bayani, kirki ya kusa korar mu.