Tsayuwar Zalɓe ta Kakana

Ranar Asabar mai zuwa kakana Malam Bukar zai cika shekara huɗu da rasuwa, kuma kafin in ce komai a kansa gara in fara da laifina. Ni ne na kwaikwaye shi a gaban abokansa. Ina ɗan shekara goma sha uku a lokacin. Na tsaya da ƙafa ɗaya a gindin dalbejiyar ƙofar masallacinmu, na turo ciki, na zaro ido, ina tangaɗi kamar kazar da ta hau igiyar shanya. Tsofaffi suka yi ta dariya har ɗaya ya ƙware da goro. Abin bai kai minti biyu ba, amma wata biyu ya ci wa kakana.

Ba don in wanke kaina ba, amma kowa ya san tsakanin jika da kaka sai tsokana. Ni Tsoho nake ce masa, kuma kullum sai na tuna masa cewa Hajja, kakata, matata ce, aronta na ba shi. Shi kuma Tarwaɗa yake kirana, wai ba a iya riƙe ni. A cikin gida duk wannan halal ne. Abin da ban sani ba shi ne akwai wasan da ba a fita da shi ƙofar zaure.

Tsoho masunci ne. Rabin rayuwarsa a tsaye ya yi ta cikin kwalekwale, daga nan Haɗeja har fadamun Guri, yana tuƙi da gora yana jefa raga. Ni dai nakan gaya wa mutane cewa yana iya shan koko a tsaye a bakin jirgi ana iskar hadari ko ɗigo bai zuba ba. Ban gani ba, amma ba wanda ya taɓa ƙaryata ni. Da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi ƙaranci, sai 'ya'yansa suka ce ya huta haka nan. Suka yi masa benci a ƙofar gida. Ya zauna. Shekaru suka wuce yana zaune, ciki ya fito, baya ya ranƙwafa, tafiyarsa ta koma ta mai neman allurar da ta faɗi.

Wata la'asar, yana tasowa daga sujada, jikinsa ya kwashe ya faɗa kan wanda ke gefensa a sahu. Bai ji ciwo ba. Washegari aka ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu. Ya san addini ya yi wa mai larura sauƙi, shi ma yana faɗa wa wasu haka. Amma a kansa abin ya ƙi zama. Kujerar biki yake ce mata. Burinsa ɗaya ne: ya sake yin sallah a tsaye, ya yi ruku'u ya ɗago ba tare da wani ya tallabe shi ba.

A asibiti aka tura shi wajen wata ma'aikaciya a sashen gashin ƙashi. Ta duba shi ta ce, “Baba, ƙafafunka lafiyarsu lau. Tsakiyar jikinka ce ta yi barci.” Ta ce tsokar ciki da ta baya da ta ƙugu su ke riƙe mutum a miƙe, kuma jirgi ne yake motsa masa su a da, benci kuwa ba ya motsa komai sai baki. Ta zana masa abubuwa uku a takarda. Ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga ƙugu sama a hankali. Ya durƙusa a kan hannu da gwiwa, ya miƙar da hannun dama da ƙafar hagu, sannan ya sauya. Na ukun, ya tsaya kusa da bango ya ɗaga ƙafa ɗaya, yana numfashi, ana ƙirga masa. Ta ce kada ya yi gaggawa, in ya ji zafi ya tsaya.

Ni aka ba ƙirgar. Ranar farko uku ya kai, ya rungumi bango kamar ya ga ɗan'uwansa daga Makka. Bayan makonni ya kai tara. Har Hajja ta ce ya fara cika ƙofa in zai shigo. A daidai lokacin ne na kai wasana gindin dalbejiya.

Da ya fito azahar, abokinsa Malam Haruna ya tare shi: “A'a, Zalɓe! Yau kifi nawa ka kama a tsakar gida?” Tsoho ya yi dariya tare da su. Da ya dawo sai ya naɗe tabarmar da yake motsa jiki a kai, ya ɗora ta a kan katanga, ya cusa takardar a ƙarƙashin katifa. Bai zage ni ba, bai ɗaga min hannu ba. Da zai aike ni sai ya ce, “Abubakar, kawo min ruwa.” Ban taɓa jin sunana ya yi min nauyi kamar ranar ba. Wata biyu ina Abubakar. Shi kuma ya koma benci, ya koma kujerar biki, abin da ya tara a jikinsa ya zube.

Hajja ce ta yanke min hukunci. Ta ce, “Tunda ka iya a waje, sai ka iya a gida.” Kullum bayan karin kumallo ta sa in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa in yi duka ukun ni kaɗai. Na ɗauka wasan yara ne. Wallahi a rana ta biyu ko tari na yi sai cikina ya kira sunan Hajja. Tsoho yana kallo ta labule. A rana ta shida, ina durƙushe na miƙa hannu da ƙafa ina karkarwa, sai na ji ya ce, “Tarwaɗa, ƙugunka ya karkace. Busasshen kifi ma ya fi ka miƙewa. Matsa.” Ya durƙusa a gefena. Daga huɗu muka sake farawa.

Yanzu in na duba gidanmu sai in ji gajiya. Abbana tela ne, tun safe har magariba yana kan keke, wuyansa ya yi gaba ya bar jikinsa a baya. Wando ba ya sakawa sai ya dafa bango. Na ciro masa takardar Tsoho, har na sa an yi mata leda. Ya ce bayan Sallah, in ɗinki ya ragu. Sallah bakwai ke nan ta wuce. Na yi lallami, na yi tsokana a cikin gida kawai, na gaji. Ni kaina da nake wa'azin, rabin yinina a dunƙule nake a kan waya kamar kunkuru. Da Tsoho zai leƙo, ba na jin zai yi faɗa. Zai dube mu ne ya tambaya wane jirgi ne ya kife da mu duka a kan tudu. Kujerun masallacinmu kuwa yanzu huɗu ne, kuma ɗaya ta Malam Haruna ce. Ina gaishe shi da ladabi, ban taɓa ce masa komai ba. Wannan ma Tsoho ne ya koya min.

Ban gaji jirginsa ba, an sayar tun ina goye. Abin da ya bar min shi ne tabarma, da takarda, da sanin cewa in babba ya ajiye girmansa ya durƙusa a gabanka don ya gyara jikinsa, amana ya ba ka.

A makaranta nakan ce kakana ya kai awa ɗaya a ƙafa ɗaya, har ya koma kogi ya kamo giwan ruwa. Ba haka aka yi ba. Iyakar ƙirgar da ya kai goma sha huɗu ce, kuma bai sake shiga jirgi ba. Sallar la'asar kaɗai ya iya dawowa da ita a tsaye, raka'a huɗu, a kusa da bango, sauran sallolin yana yi a kujera. Ya yi haka mako uku. Sannan zazzaɓin damina ya kwantar da shi, ya rasu a kwana na biyar. Allah Ya jiƙansa.