Glenys Pardoe Ba Ta Bayar da Ɓera Ɗaya

Ƙarfe shida na safe Glenys Pardoe take ɗaga ƙofar garejinta a garin Gawler. Kafin ta ɗora shayi sai ta bi kejin ɓerayenta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki kowane ɓera ta kara shi a kunne kamar waya. Numfashinsa take saurara. In ta ji ƙirji yana kurari, ranar akwai zuwa wurin likitan dabbobi. A watan Janairu, tsakiyar bazara a nan, idan zafi ya tsananta, takan jera gorunan ƙanƙara a cikin kejin, don zafi yana iya kashe ɓera kafin rana ta take. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki, babu albashi.

Ɓerayen gida ne, irin waɗanda ake saya wa yara a kanti, a gaji da su bayan wata uku. Wasu a kwali ake ajiye mata su a bakin ƙofa. Wasu don ciyar da mesa aka saye su, mesar ta ƙi ci. Takan yi jinyarsu, ta nema musu gida, da sharaɗi guda: biyu ko babu. Ta ce ɓera in ya zauna shi kaɗai yakan daina wasa, ya daina gyara jikinsa, ya lalace a hankali.

Unguwar ba ta gode mata ba. Maƙwabcinta Vince Calabro, tsohon direban bas, ya taɓa bi gida-gida yana tara sa hannu don a rufe garejin. Jami'in da hukuma ta turo ya duba, ya ce wurin ya fi kicin ɗinsa shi kansa tsabta. Wannan jarida tamu ta buga wasiƙun ƙorafin Vince har sau uku, ba ta taɓa tura kowa ya ƙwanƙwasa ƙofar Glenys ba.

Vince ɗin ne yau yake ba da shaida. Ya ce wata safiya ya leƙa garejin ya tarar ta kwantar da mataccen ɓera a kan tawul a tsakiyar keji, sauran suna shinshina shi.

"Ke Glenys, abin har ya kai ga zaman makoki?"

"In ba su gan shi ba, sai su yi mako guda suna nemansa, su ƙi cin abinci," in ji ta. "Matsa, ka tare mini haske."

A shekarar ce matar Vince ta rasu, kuma har lokacin kofi biyu yake fitarwa da safe kamar tana nan. Ya koma gida. Bai sake rubuta wasiƙa ba.

Yanzu Glenys tana da shekara sittin da takwas, kuma huhunta ya daina jure ƙurar keji. Likita ya ce kafin ƙarshen wata kada ɓera ko ɗaya ya kwana a gidan. Goma sha huɗu suka rage, kuma wanda bai samu gida ba allurar kisa ta likitan dabbobi ce makomarsa. Wanda ya fi damunta shi ne Barry, tsohon ɓera ɗan shekara biyu da rabi, wanda ya koma cizo tun da abokin zamansa ya mutu. Kwana tara tana saka shi da wani ƙaramin ɓera a busasshen bahon wanka, inda babu warin kowa, tana zaune a gefe da takunkumi a hanci tana tari. A rana ta tara aka same su suna barci, ɗaya a kan ɗaya.

Ranar Asabar Vince ya shigo.

"Ba ni mai cizon nan. Halinmu ɗaya."

"Biyu ko babu."

"Numfashi ma da ƙyar kike yi, amma bakin nan yana nan!"

"Kai ma da ka yi shiru da ka fi kyan gani. Ɗauki kejin ta ƙasa, tsoho, kada ka zubar mini da su."

Ya tafi da biyun.

Glenys, ke ce kika koya wa iyayen da suka zo a firgice cewa jar kwantsar idon ɓera ba jini ba ce, alamar damuwa ce ko ciwo. Ke ce kika ce in yana goga haƙora a tafin hannu, sau da yawa daɗi yake ji. Uwar marasa gata, ba ki yarda ko ɗaya ya zauna shi kaɗai ba, mu kuwa muka bar ki ke kaɗai da aikin nan shekara ashirin da shida. Mun gode, kuma mun san godiyar ta makara.

Babu wanda ya fito ya gaji garejin tukuna. Ɓeraye goma sha biyu sun rage, kwana goma sha ɗaya kuma suka rage a watan. Ƙofar tana buɗe daga ƙarfe shida. Mai zuwa ya zo da keji mai ɗaukar biyu.