Hanyar Gidan Baba Morrison

Perpetua Bulus a unguwar Satwa take kwana, can ƙasar Larabawa inda ta je aiki, ɗaki ɗaya su huɗu, kullum da safe ta hau bas zuwa Jumeirah inda take jinyar wani tsoho. Mutumin Scotland ne, Mista Morrison, amma ita Baba take ce masa. Ya yi shekara arba'in yana aikin injiniya a tashar jiragen ruwa kafin ciwon mantuwa ya kama shi. Turancin ma ya soma zube masa, ya koma Gelik, yaren tsibirinsu, wanda 'yarsa Catriona ke ji sama-sama.

A Yulin 2019 ya daina cin abinci. Likita ya ce in Alhamis ta yi bai ci ba, za a kwantar da shi a zura masa roba ta hanci.

Akwai taswirar tsibirin a bango, kuma ita kaɗai yake kallo. Catriona ta tattaro sunayen da ke ciki, ta jera su bi da harafi, ta karanta masa. Ya kau da kai.

Perpetua na tsaye da kwanon kunun alkama, sai ta tuna Kaka Talatu a ƙauyensu, gindin duwatsun Kagoro. Da tsohuwar ta rikice, ba ta karɓar loma sai an dawo da ita daga gona da baki, ana kira mata sunayen wuraren da ke hanya: Rafin Gora, Dutsen Zuma, sannan ƙofar gida.

"Madam, ba haka ake tafiya ba," in ji Perpetua. "Kin ɗauke shi daga kan dutse kin jefa shi teku. Ina gidansu yake? Ina kwalekwale ke tsayawa?"

Catriona ta nuna mata. Perpetua ta sa ta faɗi kowane suna sau uku, da ma'anarsa, ta rubuta yadda kunnenta ya ji. Ta tafi da takardar tana bita, har abokiyar ɗakinta Sabina ta ce, "'Yar'uwa, aljanun Turawa ne suka hau ki? Khalas, ya isa haka, ki bar mu mu huta!"

Washegari Laraba ta durƙusa kusa da kujerarsa.

"Baba, mun sauka a Tràigh Bhàn. Farin yashi."

Ya gyara mata faɗar, a fusace. Ta sake, ya gyaɗa kai.

"Ga Rubha Mòr a dama, babban hancin ƙasa da ya kutsa teku. Sai Cnoc Dubh, baƙin tudu."

"A'a!" Da Turanci ya faɗa, karon farko cikin mako biyu. "Kin tsallake rafi. Da takalmi za ki shiga?"

"Yi haƙuri, Baba. Mene ne sunansa?"

"Allt Beag."

Ƙaramin rafi, in ji Catriona daga bakin ƙofa. Ko a taswira babu shi.

Suka tuɓe takalma da baki, suka haye, suka hau tudun a hankali, don Perpetua ba ta gaggauta tsoho a hawa. Da suka iso ta ƙwanƙwasa tebur.

"Mun zo gida. An ajiye maka abinci."

Ya buɗe baki. Cokali tara ya sha, da yamma kuma ya cinye kwanon.

Ranar Alhamis likita ya duba shi, ya ce a bar maganar roba. Perpetua ta nemi fensir, ta tambayi Baba daidai wurin, ta zana rafin a taswira.